Ka taɓa aiki a Birtaniya? Duba takardun albashinka kafin 5 ga Afrilu

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata wani yayana, ɗan baffana, ya kira ni in taya shi kwashe tarkace daga ɗakinsa. Biki ya matso, masu jere sun ce a ba su wuri. Muna cikin zazzage wata tsohuwar jaka da ya dawo da ita daga Ingila sai ga ambulan shaƙe da takardu. Ya ce, “Zuba su cikin na ƙonawa, takardun albashin dakon da na yi ne a wani sito lokacin ina karatu.”

Ni kuwa a 'yan kwanakin nan maganar haraji ce cike da kaina, domin an ba mu aikin aji a kan yadda jaridu suka ruwaito sabbin dokokin harajin Najeriya. Sai na tsaya ina dubawa. Albashin mako bai wuce fam 175 ba, amma kowace takarda akwai layin da aka zare kusan fam 35 da sunan harajin kuɗin shiga. Na ce, “Yaya, ɗalibi mai aikin awa 20 a mako ma haka ake yankarsa?” Ya ce shi dai alat yake kallo, bai taɓa karanta takardar ba.

Da daddare muka tura wa wani abokinsa da har yanzu yake zaune a can hoton takardar ta WhatsApp. Ba a yi minti biyu ba ya kira. “Ai wannan kuɗinka ne, bai kamata a cire ba. Wace shekara ce?” Yaya ya ce a Oktoban 2020 ya fara. Abokin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce na watannin farko kam an yi asara, ƙofar ta rufe tun ranar 5 ga Afrilun 2025.

Muka buga lissafi: mako 24, fam 35 kowane mako, fam 840 ke nan. A canjin yau ya haura naira miliyan ɗaya nesa ba kusa ba, ga mutumin da a ranar yake neman rancen kuɗin fenti. Da wata takwas kacal ya makara. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne ya ci gaba da aiki har ƙarshen 2021, kuma wa'adin wannan shekara ta biyun bai cika ba sai 5 ga Afrilun 2026.

Ina ruwanka da harajin Turawa?

Na san za ka iya cewa, “Ni ko jirgi ban taɓa hawa ba.” To leƙa jerin sunayen da ke wayarka. Daga 2021 zuwa 2023 matasan Najeriya sun yi tururuwa zuwa jami'o'in Birtaniya, musamman bayan da ƙasar ta buɗe, a Yulin 2021, bizar da ke bai wa wanda ya kammala digiri damar zama ya yi aiki na shekara biyu. A zangon karatu na 2022/23 Najeriya ce ta uku a yawan ɗaliban ƙetare a can, bayan Indiya da Sin. Namu 'yan Arewa suna ciki: masu tallafin karatu, waɗanda gida aka yi karo-karo aka tura, da ma'aikatan jinya. Da yawansu sun yi aiki a sito, ko kantin sayar da kaya, ko gidan kula da tsofaffi. Wasu suna can har yau, wasu kuma sun tattaro sun dawo, musamman da faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023 ta sa kuɗin makaranta ya fi ƙarfin aljihu.

Waɗancan shekarun su ne yanzu wa'adinsu ke cika ɗaya bayan ɗaya. In ba kai ba ne, to akwai yayanka, ko abokin sakandare, ko ke ƙawarki da ta bi mijinta can ta taɓa aiki na 'yan watanni.

Yadda ake cire abin da ya wuce ƙima

A Birtaniya, kamar yadda yake ga masu albashi a nan gida, kamfanin da kake wa aiki ne ke cire haraji tun kafin kuɗin ya iso gare ka, ya miƙa wa hukumar tara haraji ta ƙasar, wato HMRC. Tsarin nan da ake kira PAYE ke nan. Amma akwai kason da doka ta ce ba a taɓawa: fam 12,570 na farko da ka samu a shekara, tun daga Afrilun 2021. Kafin nan fam 12,500 ne. Abin da ya ɗoru a kai ne ake cire wa kashi 20 cikin ɗari a matakin farko.

Ɗalibin digiri kuwa awa 20 kaɗai biza ta yarda ya yi aiki a mako idan ana zangon karatu. Wanda ya sauka a Satumba ya fara aiki a Oktoba, da wuya ya tara wancan kason kafin shekarar haraji ta ƙare. Yaya fam 4,200 ya samu a mako 24. Ko sisi bai kamata ya biya ba.

To ta ina aka samu matsala? Daga wasu 'yan haruffa da lambobi da ke jikin takardar albashi, waɗanda ke gaya wa kamfani nawa zai cire. Mu kira su lambar haraji. Wadda yawancin ma'aikata ke da ita ita ce 1257L, ma'anarta an ba ka kasonka cikakke. Idan ka ga BR, to kashi 20 ake cirewa daga kowane fam, babu wani rangwame, domin an ɗauka kana da wani aikin da ya riga ya cinye kason. Idan ka ga 0T, shi ma babu kaso, kuma yawanci yana fitowa ne idan kamfani bai samu bayananka ba. Akwai kuma 1257L da aka liƙa wa W1 ko M1 ko X, lambar wucin gadi ce da ke kallon kowane mako ko wata shi kaɗai, ba ta waiwayar watannin da ka zauna ba aiki.

BR ce a takardar Yaya. Ranar da ya fara aiki an ba shi fom ɗin sabon ma'aikaci mai zaɓi uku, A da B da C. A na wanda wannan ne aikinsa na farko a shekarar, C kuma na mai wani aikin a gefe. Yana sauri kada motar ma'aikata ta tafi ta bar shi, ya duba C ya wuce.

Hanya ta biyu ita ce barin ƙasar a tsakiyar shekara. Tsarin yana rarraba kason nan ne wata-wata, kusan fam 1,048 kowane wata, bisa zaton za ka yi aiki wata 12. Ɗauki misalin wadda ke samun fam 2,000 a wata. Za a riƙa cire mata kusan fam 190. Ta yi aiki daga Afrilu zuwa Agusta, sai ta dawo Kaduna. Jimillar abin da ta samu fam 10,000, bai kai 12,570 ba, amma an riga an cire kusan fam 950. A mafi yawan lokuta wannan kuɗin duka nata ne, idan ta nema.

Akwai kuma ƙananan abubuwa. Mai sanya kayan aiki na kamfani yana wanke su da kuɗinsa yana da rangwame, mafi ƙaranci a kan fam 60 a shekara, wanda ke dawo masa da fam 12. Ma'aikatan jinya na iya neman rangwame a kan kuɗin rajistar da suke biyan hukumar sana'arsu duk shekara. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma na shekara huɗu in an haɗa ya isa cefane. Sharaɗin dai sai ka biya haraji a shekarar.

Abu ɗaya da ba ya dawowa don ka bar ƙasar shi ne kuɗin inshorar ƙasa, wanda za ka gani an rubuta NI a takardar. Kada ka sa shi cikin lissafinka.

Yadda ake ƙirga wa'adin

A nan ne mutane ke ruɗewa. Shekarar haraji a Birtaniya ba a Janairu take farawa ba. Tana farawa ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare 5 ga Afrilun shekara mai zuwa. Abin ya samo asali ne daga tsohuwar sabuwar shekararsu ta 25 ga Maris, da tsallaken kwana 11 da suka yi lokacin da suka sauya kalanda a 1752.

Doka ta ba ka shekara huɗu daga ranar da shekarar harajin ta ƙare. Da can wa'adin ya kusa shekara shida, a 2010 aka rage shi. Ga yadda abin yake:

Aikin da aka yi daga 6 ga Afrilun 2020 zuwa 5 ga Afrilun 2021: wa'adi ya wuce tun 5 ga Afrilun 2025.

Daga 6 ga Afrilun 2021 zuwa 5 ga Afrilun 2022: ranar ƙarshe 5 ga Afrilun 2026.

Daga 6 ga Afrilun 2022 zuwa 5 ga Afrilun 2023: ranar ƙarshe 5 ga Afrilun 2027.

Daga 6 ga Afrilun 2023 zuwa 5 ga Afrilun 2024: ranar ƙarshe 5 ga Afrilun 2028.

Lura da wani abu. Albashin Maris 2022 da na Mayu 2022 wata biyu ne tsakaninsu, amma shekara guda ce tsakanin wa'adinsu. Saboda haka kada ka ce “ai a 2022 na yi aiki, da saura.” Duba watan. Kowace shekara kuma ita kaɗai ake kallonta, rarar wannan ba ta gangarawa cikin waccan.

Bayan wa'adi, togaciyar da aka sani ita ce idan kuskuren daga ɓangaren gwamnati ya fito. “Ban sani ba,” ko “na dawo gida,” ko “takarduna sun ɓata,” duk ba sa buɗe ƙofar.

Kada ka ɗauka baƙi kaɗai ke wannan sakaci. A Amurka, inda wa'adin shekara uku ne, hukumar harajin ƙasar, IRS, ta sanar a Maris 2025 cewa mutum sama da miliyan 1.1 ba su nemi rararsu ta shekarar 2021 ba, kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya. Duk wanda bai nema ba zuwa 15 ga Afrilun 2025, kuɗinsa ya zama na baitulmali. Idan 'yan ƙasa da suka tashi cikin tsarin suna mantawa, ina ga baƙon da ya je da niyyar shekara ɗaya.

“Ai da kansu za su turo”

Gaskiya ne HMRC kan yi lissafin kowa bayan shekara ta ƙare, kuma idan ta ga rara takan aiko da wasiƙar da ake kira P800, yawanci daga watan Yuni. Amma wasiƙa adireshi take bi. Ɗalibi kuwa yau yana ɗakin makaranta, gobe ya koma gidan haya da abokai, jibi ya bi aiki zuwa wani gari. Idan bai sabunta adireshinsa ba, wasiƙar tana can tana jiran wanda ba zai dawo ba. Haka idan ya yi aiki a wurare uku ta hannun kamfanonin samar da aiki kuma bayanansa ba su haɗu wuri ɗaya ba, lissafin ba zai fita daidai ba.

Ƙari a kan haka, tun ƙarshen Mayun 2024 an daina aika wa yawancin masu P800 cek kai tsaye. Sai mutum ya shiga intanet ya nema da kansa, kuɗin ya faɗa asusunsa cikin kwanakin aiki biyar, ko kuma ya buƙaci a aiko masa da cek. Sannan hukumar ba ta san ka wanke kayan aiki ko ka biya kuɗin rajista ba sai ka faɗa.

Abin da za ka yi

Fara da tattara takardu. P60 ita ce takardar da kamfani ke bayarwa zuwa 31 ga Mayu ga duk wanda ke aiki da shi ranar 5 ga Afrilu, tana nuna jimillar albashi da harajin shekara. P45 kuma ita ake ba ka ranar da ka bar aiki. Idan babu su a jaka, bincika imel ɗinka, domin kamfanoni da yawa ta nan suke turawa. Nemo lambar inshorarka ta ƙasa ma, ita ce shaidarka a wurinsu.

Sai ka yi lissafin kowace shekara daban. Haɗa duk abin da ka samu daga duk wuraren da ka yi aiki. Idan bai kai fam 12,570 ba amma an cire haraji, akwai magana. Idan ya wuce, cire kason, ɗauki kashi 20 na ragowar, ka kwatanta da abin da aka cire.

Wanda yake can har yanzu ya shiga asusun harajinsa a shafin gov.uk ko manhajar HMRC, zai ga lambar harajinsa da lissafin shekarun baya. Idan lambar ba daidai ba ce a gyara ta tun yanzu, rarar wannan shekarar sai ta dawo ta cikin albashi. Na shekarun baya kuma a rubuta wa hukumar ko a buga mata waya.

Wanda ya dawo gida fom ɗinsa shi ne P85, ana haɗa shi da bayanan P45. Ana cike shi ta intanet, idan tantancewa ta gagara daga nan sai a cike a buga a aika. In takarda za ka aika, kada ka jira makon ƙarshe, domin ana so buƙatar ta isa hannunsu cikin wa'adi. Yi amfani da kamfanin aika saƙo mai bayar da rasit, ka ɗauki hoton komai ka adana.

Kai kuma da ke shirin dawowa, kada ka yi gaggawar rufe asusun bankinka na can. Yawancin cek ɗin hukumar a bankin Birtaniya kaɗai ake iya shigar da su. Idan asusun ya riga ya rufe, kana iya sanya sunan wani amintacce da ke can ya karɓa a madadinka. Ka zaɓi wanda ko gobe za ka iya kallon idonsa.

Masu jiran ka a hanya

Duk inda aka ce kuɗi na jiran mai shi, 'yan damfara sun riga ka zuwa. Saƙon tes ko imel da ke cewa “kana da rarar haraji, latsa nan ka sa lambar katinka” tarko ne. Hukumar ba ta neman lambar kati ko lambar sirri ta irin wannan hanya. Rubuta gov.uk da hannunka, kada ka bi mahaɗin da aka turo maka, ko da daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ya fito.

Akwai kuma dillalan da ke talla a Facebook da TikTok cewa za su karɓo maka. Wasunsu kamfanoni ne masu rajista, amma suna yankar kaso mai tsoka a kan fom ɗin da za ka iya cikewa kyauta. Ƙorafi a kansu ya yi yawa har gwamnati ta soke, daga Maris 2023, damar da ke ba su ikon mallakar rarar harajin mutum ta hanyar sa hannu. Mafi haɗari su ne masu cewa za su ƙara maka kuɗaɗen da ba ka kashe ba don rarar ta yi kauri. Ranar da aka gano, sunanka ne a takarda, kai za ka biya har da tara. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

A nan gida fa?

Tunda aikin ajin nan ne ya jawo maganar, bari in taɓo namu. Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, sun ware naira 800,000 na farko a shekara daga harajin kuɗin shiga. Sun kuma kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, iyakarsa naira 500,000, ana cire shi daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, amma sai ka bayyana hayar. Idan ofishinku bai san kana haya ba, za a cire maka fiye da ƙima.

Mu ma muna da wa'adi. Dokar gudanar da haraji ta ce buƙatar maido da rara sai a rubuce, cikin shekara shida bayan ƙarewar shekarar da abin ya shafa. Harajin albashin yawancin ma'aikata hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da suke zaune yake zuwa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, don haka can ake kai takarda. Ana iya maido da kuɗin, ana kuma iya rage shi daga harajin da za ka biya nan gaba. Ba zan ce maka abin yana tafiya cikin sauƙi ba, amma wanda ba shi da takardar albashi ko rasit ɗin haya ba shi ma da abin da zai nuna. In ka fara aiki bana, buɗe wuri ɗaya a wayarka ka riƙa ajiye hotonsu duk wata.

Shi dai Yaya ya cike P85 ɗinsa a Janairu ya aika, ya sa sunan abokin nan nasa domin asusunsa na can ya daɗe da rufewa. Yana jiran amsa. Ambulan ɗin da ya ce a ƙona yanzu tana cikin durowa tare da takardun digirinsa. Fam 840 ɗin farko kuwa amarya ma ta ji labari, kuma duk ranar da ya ce babu kuɗin wani abu sai ta tuna masa.

Idan kana da wani da ya yi aiki a Birtaniya a 'yan shekarun nan, kira shi yau. Ce masa ya nemo takardar albashi ko da guda ɗaya ce, ya karanto maka haruffan da ke gaban lambar harajinsa.